A Naɗi Muryoyin Iyayenmu Mata Tun Suna Raye

Ya Edita,

Ka ba ni fili in yi magana kan tsofaffin matan karkara, waɗanda ke tafiya kabari da tarihin da ba wanda ya rubuta.

Alƙaluman UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun nuna kusan kashi biyu cikin uku na manyan da ba su iya karatu da rubutu ba a duniya mata ne. Ke nan iliminsu a ka yake: shekarar da aka yi fari da yadda aka tsira, wa ya haifi wa, waƙoƙin reno da na aiki. Yarjejeniyar hukumar ta 2003 ta sanya irin wannan cikin gadon da ya kamata a kare, amma takarda ba ta zuwa ta zauna gaban tsohuwa.

Shawarata, a shigar da wannan ilimi ajin yaƙi da jahilci. Tsohuwa ta ba da labari, 'yan mata su naɗa a waya, malama ta rubuta a allo, ya zama darasin ranar. Wallahi mace ta fi saurin gane harafi idan maganar bakinta ce aka rubuta.

Sai dai a nemi izininta tukuna, kuma a bar kwafi a ƙauyen.

Wassalam,
Wata mai karatu