Kafin a Tura Yaro Jami'ar Musulunci ta Malesiya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in ja hankalin iyayen da ke shirin tura 'ya'yansu Jami'ar Musulunci ta Ƙasa da Ƙasa da ke Malesiya, wadda aka fi sani da IIUM, saboda na lura da yawa daga cikinmu da zarar sun ji sunan jami'ar sai su shiga haɗa kuɗi, ba tare da sun tsaya sun tantance fannin da yaron zai karanta ba.

An kafa jami'ar a shekarar 1983, kuma babbar harabarta tana Gombak, a gefen birnin Kuala Lumpur. Sai dai ba dukan tsangayoyi ne ke can ba. Wanda zai karanta likitanci ko haɗa magunguna ko aikin jinya, Kuantan za a tura shi, a jihar Pahang, tafiyar sa'o'i a mota daga babban birnin. A Gombak ne ake karantar shari'a da tattalin arziki da injiniyanci da ilimin wahayi haɗe da ilimin zamantakewa. A ganina ƙarfin jami'ar yana wurin da ta gwama ilimin addini da na zamani, musamman shari'a da harkar bankin Musulunci, kuma wannan ne abin da Arewa ke buƙata a yau, tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya ta fara sayar da sukuk, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa, a 2017, bankin TAJ kuma ya biyo baya a 2019. Ina takaicin ganin yaro mai ƙwarin Larabci, wanda ya sauke Alƙur'ani ya karanci fiƙihu a gida, an tilasta masa wani fanni da ake samunsa a Kano ko Zariya a kan kuɗi kaɗan, alhali ga inda zai fi amfanar jama'arsa.

Da Turanci ake koyar da yawancin darussa, wasu kuma da Larabci, kuma ana yi wa sabon ɗalibi jarabawar harshe. Wanda bai kai matakin da ake so ba, sai ya fara zama a cibiyar koyon harsuna kafin ya shiga karatun da ya kai shi, iyaye kuwa na biyan kuɗi duk tsawon wannan lokaci. Gara a gyara wa yaro harshensa tun yana gida.

Zaman harabar yana kwantar wa iyaye hankali. Masallacin Sultan Haji Ahmad Shah yana tsakiyar jami'ar, ɗakunan kwanan maza daban, na mata daban, an kuma raɗa musu sunayen magabata irin su Bilal da Usman da Nana Safiyya. Ɗaki guda yakan ɗauki mutum huɗu, kowa da ɗan lungunsa mai gado da tebur, ta yadda Bahaushe zai kwana kusa da ɗan Indonesiya ko ɗan Somaliya. Abinci na halal ne, amma wanda ya saba da tuwo da miyar kuka zai ɗauki lokaci kafin bakinsa ya karɓi shinkafar da aka dafa da madarar kwakwa, aka ɗora mata yaji mai zaƙi da ƙananan busassun kifi a matsayin karin kumallo.

Abin da ya fi damuna shi ne alƙawarin da wasu ejan-ejan ke yi cewa yaro zai riƙa aiki yana biya wa kansa kuɗin makaranta. Dokar ƙasar ta yarda ɗalibin waje ya yi aikin da bai wuce sa'o'i 20 a mako ba, shi ma a lokacin hutu kawai, a wurare ƙalilan kamar gidan abinci da otal, bayan an nemi izini. Tun faɗuwar darajar naira a 2023, duk wanda bai tanadi kuɗin shekarun karatun gaba ɗaya ba yana iya jefa ɗansa cikin ƙunci a ƙasar da ba shi da dangi. A kuma sa a lissafi cewa likitan da ya kammala a waje sai ya ci jarabawar hukumar likitoci ta Najeriya kafin ya taɓa majinyaci, lauya kuma sai ya yi zangon farko na musamman a Makarantar Horar da Lauyoyi kafin ya haɗu da takwarorinsa na gida.

Wassalam.

Naka,
Wani uba mai karanta jaridarku,
daga Zariya.