Wa ke riƙe da birnin Kano da kewayensa?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in yi tsokaci a kan yadda ake tafiyar da mulkin birnin Kano da unguwannin da ke kewaye da shi, al'amarin da nake ganin ba a ba shi kulawar da ta dace da shi ba.

Cikin ƙananan hukumomi 44 na jihar, takwas ne ake lissafawa a ƙwaryar birni: Birni, Dala, Gwale, Fagge, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. A takarda kowace tana da iyakarta da shugabanta da kansilolinta, amma mutumin da ke kwana a Sheka, ya yi kasuwanci a Kantin Kwari, ya kai 'ya'yansa makaranta a Gwale, gari ɗaya ya sani. Ruwan sama ma bai san waɗannan iyakoki ba. Kogin Jakara yana tasowa daga cikin tsohon birni, ya ratsa unguwanni na ƙananan hukumomi daban-daban, ya haɗu da rafin Getsi mai ɗauke da ruwan masana'antun Bompai, sannan ya gangara zuwa madatsar Wasai a Minjibir. Sharar da aka zuba a magudana a sama, mutanen ƙasa ne ke kwasar ambaliyarta da damina, kuma ba su da ikon tuhumar shugaban da ba su suka zaɓe shi ba.

Kundin Tsarin Mulki na 1999, a jadawalinsa na huɗu, ya ɗora wa ƙananan hukumomi kwashe shara da kula da kasuwanni da tashoshin mota da magudanan ruwa da maƙabartu. A aikace kuwa, gwamnatin jiha ce ke riƙe da mafi yawan waɗannan ayyuka ta hannun hukumominta: REMASAB a kan shara, KAROTA a kan zirga-zirga, KNUPDA a kan tsara birane. Ba na ganin laifin kafa su, domin babu ƙaramar hukuma guda da za ta iya da sharar Kano ita kaɗai. Matsalar ita ce, idan bola ta cinye rabin titi, talaka bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba; kansilan da ya zaɓa ba shi da motar shara, wanda ke da motar kuma ba ya neman ƙuri'arsa.

Inda abin ya fi tayar mini da hankali shi ne gefen gari. Birnin ya daɗe da tsallake waɗancan takwas ɗin, ya kutsa Gezawa da Dawakin Kudu da Tofa da Dawakin Tofa, inda kasuwar hatsi ta Dawanau take. A waɗannan wurare ne awon igiya ya zama ruwan dare: mai gona ya sayar wa dillali, dillali ya yayyanka ta ƙanana-ƙanana, ya bar lungun da ko motar asibiti ba za ta shiga ba, ballantana ta kashe gobara, ba a ware filin makaranta ko asibiti ko maƙabarta ba, kuma sau da yawa har hanyar ruwa ake sayarwa a matsayin fuloti. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta bar filayen birane a hannun gwamna, na karkara kuma a hannun ƙaramar hukuma, to unguwar da jiya gona ce, yau kuma ta cika maƙil da gidaje, sai ta faɗa tsakani. Ba na zargin masu saye, domin wanda kuɗin haya ya ishe shi ba zai jira shekara da shekaru kafin a fitar da filayen gwamnati ba. Amma kafin hukuma ta iso, gine-gine sun riga sun tashi, gyara kuma sai da rusau da biyan diyya.

Hukuncin Kotun Ƙoli na ranar 11 ga Yuli, 2024, wanda ya ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, abin maraba ne. Sai dai idan kowace ta riƙe nata kuɗin ta yi gaban kanta, kwalbatin da Fagge ta gina zai ƙare ne daidai inda iyakarta ta ƙare.

Saboda haka nake kira ga Majalisar Dokokin Jihar Kano da ta yi doka ta kafa majalisar haɗin gwiwa ta birni, wadda za ta ƙunshi shugabannin ƙananan hukumomin takwas da na maƙwabtansu da birnin ya shiga, tare da shugabannin hukumomin jiha da wakilin masarauta, tunda dagatai da masu unguwanni ne shaidun cinikin fili. A ba ta asusu guda na magudanan ruwa da shara wanda kowace za ta zuba kaso a ciki, a riƙa wallafa abin da ya shiga da abin da ya fita. Aikinta na farko kuwa ya zama shata tituna da hanyoyin ruwa da filayen makarantu a gonakin da birnin bai kai ba tukuna, tun kafin dillalai su isa can da igiyarsu.

Na gode.

Naka,
Mai karatu daga Kumbotso, Kano