Jerin littattafan da suka fi kasuwa: a fito mana da lissafi

Edita, assalamu alaikum. Don Allah a ba ni fili kan jerin littattafan da wai suka fi kasuwa. Na jaridar New York Times tun 1931 ake buga shi amma har yau sun ɓoye shagunan da ke ba su alƙaluma, kuma cinikin sati ɗaya ake ƙirgawa, shi ya sa mai kuɗi zai saye dubban kwafin littafinsa ya haye sama, iyaka a manna masa 'yar alama kamar wuƙa a gefe, wa ke lura da ita? Wallahi abin na min ciwo, don na sha sayen littafi saboda tambarin nan na bango da ke cewa ya shiga jerin. A 1983 wani marubuci ya maka su kotu, suka ce ai jerin hukuncin editoci ne, suka yi nasara. To su rubuta hakan ɓaro-ɓaro mana, ko su faɗi kwafi nawa aka sayar.

Naku mai karatu.