Godiya ga Ofishin Karɓar Baƙi na Birnin Bergen

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan ofishin da ke saman kasuwar kifi a bakin tashar jiragen ruwa, Bergen, ƙasar Norwe.

Bayan gaisuwa mai yawa, na rubuto ne a bainar jama'a don 'yan'uwana masu niyyar zuwa garinku su san ƙofar da za su fara nufa.

Kafin mu iso wurinku mun ga ta kanmu. Wani kamfanin yawon buɗe ido da na biya ta intanet tun ina Kano, bisa alƙawarin zai kai mu yawo a jirgin ruwa tsakanin duwatsu, ya turo saƙo da daddare, ana gobe tafiya, wai an fasa. Ba dalili, ba ban haƙuri. Ka kira lambarsu na'ura ta ɗauka, ta yi ta sa maka kiɗa har kuɗin wayarka su ƙare. Yaron da ke kan tebur a masaukinmu kuwa ko ɗago kai bai yi ba, da baki ya nuna mini tarin takardun talla. Ga mahaifiyata da ciwon gwiwa, ga ruwan sama, a garin da ake ruwa fiye da kwana 200 a shekara. Hajiya har ta ce mu haƙura mu zauna a ɗaki.

Wata ma'aikaciyarku ce ta share mana hawaye. Tun kafin in buɗe baki ta lura da yadda Hajiya ke dogara sanda, ta zagayo ta kawo mata kujera, sannan ta saurare ni har na kai aya. Na ce ta sayar mana da katin nan na Bergen Card da ake shiga motocin gari da gidajen tarihi da shi. Ta tambayi inda muke son zuwa, ta ɗauki biro ta yi lissafi a gabana, ta ce kada mu saya, ba za mu mori kuɗinmu ba. Mai kaya ta hana ka sayen kayanta! Sai da na sake tambaya, na zaci kunnena ne.

Ta leƙa taga ta ce hadarin ya washe, mu hau dutsen Fløyen yanzu kada mu bari sai yamma. Jirgin Fløibanen, wanda igiyar ƙarfe ke ja tun 1918, ya kai mu tsayin mita 320 cikin 'yan mintuna, Hajiya na zaune abinta, gari da tsibirai duk a ƙasanmu. Tafiyar da aka soke mana kuma ta tsara ta da hannunta a bayan taswira: jirgin ƙasa zuwa Voss, mota zuwa Gudvangen, jirgin ruwa ta cikin Nærøyfjord, inda duwatsu suka matse ruwan teku har faɗinsa a wani wuri bai fi mita 250 ba, sannan daga Flåm jirgin ƙasa mai tafiyar kilomita 20 yana hawa dutse zuwa Myrdal, wanda ke tsayawa a gaban ruwan Kjosfossen mai zubowa daga dutse. Ta sa alama a kan masallaci ba tare da na tambaya ba, ta nuna inda za mu ci kifi hankali kwance.

Ita ce ma ta ce mu bi lungunan Bryggen, unguwar gidajen katako inda 'yan kasuwar Jamus suka yi cinikin busasshen kifi tun wajajen 1360, wadda UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 1979. Da Hajiya ta ga kifin rataye a wani shago ta yi dariya ta ce, ashe nan ne gidansu okporokon da ake sayarwa a kasuwar Sabon Gari.

Tikiti da sauran hidimomi duk sun tafi daidai, ba sai na ja zance ba.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk abin da baiwar Allahn nan ta yi bai ci ko sisi ba. Kujera ce, da sauraro, da faɗin gaskiya. Mu kuwa ka shiga wasu ofisoshinmu, ma'aikaci na danne-dannen waya, ka yi sallama ya amsa da hanci. Oga ba ya nan, dawo gobe. Fayil ɗinka ba ya motsi sai ka san wani, ko ka miƙa na goro. Tsohuwa za ta wuni a tsaye a layi, matashi na kan kujera yana kallonta. Kuma ba mu kaɗai ba ne, don kamfanin da ya riƙe mini kuɗi a Turai yake, har yau ina jiran su.

Ban riƙe sunanta ba, amma ita ce mai ɗan farin gilashi da ke teburin kusa da taga. Don Allah a isar mata da saƙon Hajiya: Allah ya yi mata albarka, ya ba ta masu yi mata.

Naku,
wani baƙo daga Kano.