Zuwa ga 'Yata, Game da Teburin da Aka Ba Ki Amana

Assalamu alaikum, 'yata.

Bayan gaisuwa da fatan kina cikin ƙoshin lafiya, ina sanar da ke cewa tun ranar da muka yi waya ban sami natsuwa ba, shi ya sa na zauna na rubuto miki, domin a waya kina katse ni da dariya kafin in kai ƙarshen magana.

Na ji daɗi da likita ya yaba da yadda kika gyara littafin ba da rana a asibitin haƙorin, har an daina samun mutum uku a lokaci guda. Ban taɓa raina aikin nan ba, ko da yake kin ɗauka haka tun lokacin da na nace ki ci gaba da karatu. Wanda ya san cewa wankin haƙori ba ya cin lokacin da aikin jijiyar haƙori yake ci, ya kuma tsara wa likita yininsa a kan haka, ya hutar da kowa. Tambayoyin da kike yi wa mutane kafin su shiga, ko suna da ciwon suga, ko suna shan maganin tsinka jini, ko jikinsu ba ya karɓar penisilin, ko mace tana da juna biyu, da su likita yake dogara kafin ya taɓa bakin mutum, saboda haka kada gajiya ta sa ki tsallake ko ɗaya. Batun riƙe sirrin abin da ke cikin fayil kuwa ba na shakkarki a kansa.

Abin da ya hana ni barci shi ne mutumin da kika ce ya kira da yamma kumatunsa a kumbure, kika ce masa babu wuri sai mako mai zuwa, kuma kika ba ni labarin kamar wadda ta yi abin yabo. Kin tambaye shi ko yana zazzaɓi? Kin tambaye shi ko yana iya buɗe baki, ko yana haɗiye yawu ba tare da wahala ba, ko kumburin ya doshi ido ko ya gangara ƙasan muƙamuƙi? Mugunyar da ta taru a gindin turmi, wato babban haƙorin tauna, tana iya bin ƙarƙashin harshe ta sauka wuya har ta matse hanyar numfashi, kuma wani lokaci ba ta ba mutum kwana biyu, balle mako. Irin wannan kira, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki sanar da likita nan take, idan kuma haɗiya ko numfashi ya fara gagara, a ce masa ya wuce sashen gaggawa na babban asibiti ba tare da jira ba.

Ke fa ba baƙuwa ba ce a wannan magana. Kin san abin da ya sami yayanki sa'ad da irin wannan kumburi ya kama shi, kin san dararen da muka kwana a kan benci, kina ƙarama amma ai kin ga tabon da ke wuyansa. Matar da ta sallame mu a ranar farko ba muguwa ba ce, har murmushi ta yi mini; littafinta ne ya cika, ita kuma ba ta ɗaga kai ta dubi fuskar yaron ba. Yau a ce 'yar cikina ce zaune a irin wannan kujera tana maimaita kalmomin da aka faɗa mini! Wallahi na ji kunya, kuma na ji haushinki. Mahaifinki yana cewa tun daga wancan lokaci na cika tsanani a kan ciwo komai ƙanƙantarsa, amma shi ba ya wurin sa'ad da aka ce in sa hannu a takarda, ni nake wurin.

Ban ce ki zama likita ba. Kada ki taɓa faɗa wa kowa sunan maganin da zai sha, ko da kin ji likita yana rubuta shi sau ɗari. Naki shi ne ki gane wanda zai iya jira da wanda ba zai iya ba, domin muryarki ce farkon abin da mai ciwo yake ji, kuma ta hannunki yake kaiwa ga likita ko ya koma gida. Ki roƙi likita ya rubuta miki alamomin gaggawa ki manna kusa da waya, ku kuma riƙa barin gurbi kowace rana saboda su. Idan uwa ta kira tana kuka cewa yaronta ya faɗi haƙorinsa na dindindin ya fita, ki ce ta riƙe shi ta sama ban da saiwar, kada ta goge shi, ta sa shi cikin madara su taho yanzu, domin damar mayar da shi ta fi yawa a cikin minti 30 na farko, tana kuma raguwa ƙwarai bayan awa ɗaya. Haƙorin yaron da bai yi famfara ba kuwa ba a mayar da shi, amma duk da haka a kawo shi a duba.

Na san kina gajiya, waya tana ƙara, wani yana faɗa a kan kuɗi, wani ya makara yana neman a shigar da shi, ke kaɗai a tsakiya. Na kuma san zuciyarki. Ke ce kika riƙa riƙe wa yayanki kofi lokacin da bakinsa ba ya buɗuwa. Ki yi haƙuri da zafin maganata. Ki duba wayar ofis ki nemo lambar mutumin nan ki kira shi yau, ki gaya wa likita yadda kuka yi, sannan ki sanar da ni halin da yake ciki. Allah ya yi miki albarka, ya tsare mini ke.

Mahaifiyarki.