Ba Kowace Masifa Ce Alhaki Ba

Malam Edita,

Ina gaisuwa tare da fatan alheri. Na saurari shirinku na safe inda wani ya bugo waya yana cewa waɗanda suka mutu a ambaliya da gobarar shataletalen Kwame Nkrumah da ke Akra ranar 3 ga Yuni, 2015, zunubinsu ne ya kama su. Maganar ta tsaya mini a rai. Fiye da mutum 150 suka rasu a daren nan, yawancinsu sun fake ne a gidan mai saboda ruwan sama, ga masu talla, ga masu jiran mota su koma gida. Wane laifi suka fi mu da shi?

Ni Kirista ce, a unguwar Nima ta Akra aka haife ni. A Luka sura 13, Yesu ya yi zancen mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, ya ce kada a ɗauka sun fi sauran mutanen Urushalima laifi. Ya hana mu auna zunubin mutum da irin mutuwarsa.

Amma alhaki gaskiya ne, kuma Littafi Mai Tsarki yana kiran mai shi da suna. A 1 Sarakuna sura 21, Sarki Ahab ya sa ido a gonar inabin Nabot a Yezreyel, don kawai ya shuka ganye kusa da fadarsa. Nabot ya ce gādon kakanninsa ne, ba na sayarwa ba. Sai Yezebel, matar Ahab, ta rubuta wasiƙu da sunan mijinta, ta buga hatiminsa, aka kira azumi, aka ɗauko shaidun zur biyu, aka jajjefe bawan Allah. Wurin nan ne ke ƙona mini rai: an yi kisan ne da takarda, da dattawan gari, da sunan ibada. Ahab yana cikin gonar Annabi Iliya ya tare shi, ya faɗa masa karnuka za su lashe jininsa. Hukuncin bai zo washegari ba. Ahab ya ƙasƙantar da kansa, Allah ya yi masa jinkiri. Daga baya kibiyar da aka harba ba saiti ta same shi a Ramot Gileyad, aka wanke karusarsa a tafkin Samariya, karnuka suna lasa. Gawar ɗansa Yoram kuwa, a filin Nabot ɗin Yehu, shugaban sojan da ya kashe shi, ya sa aka jefar.

Maƙwabciyata gwauruwa ce, koko da ƙosai take sayarwa. Da kuɗin adashi marigayi mijinta ya sayi fili wajen garin Kasoa, kusa da Akra. Bayan rasuwarsa ta je ta tarar an sayar wa wani, an kafa harsashi, ga 'yan daba da adduna suna gadi. Takardunta na cikin leda a ƙarƙashin katifa, duk wanda ya shigo sai ta ciro ta nuna masa.

Tun 2019 dokar Ghana ta haramta irin waɗannan 'yan daban fili, amma mata irinta ba su san ƙofar da za su ƙwanƙwasa ba. Ina roƙonku, Malam Edita, ku gayyato lauya tare da fasto da liman a shiri ɗaya, su yi mana bayanin cin filin marayu da Hausa. Zan kawo ta ɗakina mu saurara tare.

Taku mai sauraro,
daga Nima, Akra