Zuwa ga masu rubutu da manhajarmu

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Tun da muka fitar da sabon zubin manhajar nan saƙonninku ba su yanke ba, daga ɗalibanmu na Jami'ar Musulunci ta Madina da Ummul Ƙura har zuwa iyayenmu mazauna Makka da Jidda. Allah ya saka da alheri. Wasu launuka suke so, wasu jadawali, wasu salon haruffa iri-iri. Ku yi mana haƙuri, akasarin waɗannan ba za mu saka ba.

Mun gina ta ne don mutum ya buɗe, ya tarar da farin shafi, ya kama rubutu. Duk maɓallin da aka ƙara wuri yake ci a fuskar waya, kuma hankalin marubuci yake ɗauka. Ɗalibin da ke majalisin karatu a Masallacin Annabi, malam na ta bayani, ina ya ga lokacin zaɓen launi? Mai haɗa kundin digiri kuwa, Word ya fi mu iya wannan aikin.

Amma akwai buƙatar da ba ta ado ba ce, kuma ita ce ta fi damun mu. Bahaushen ƙasar nan ta Saudiyya yakan haɗa boko da Larabci a shafi guda, wannan ya taso daga hagu, wancan daga dama, sai layi ya hargitse. Yanzu kowane sakin layi zai taso daga hagu ko dama gwargwadon harafin da aka fara shi da shi, ba sai kun taɓa komai ba. Haruffan ƙ, ɗ da ɓ ma mun ajiye su a saman allon bugawa.

Sai ajami. Dattawanmu da yawa da shi suka tashi, a kan ƙa'idar Warshu: fa'un ɗigonsa a ƙasa, ƙafun ɗigo ɗaya a sama. Allon Larabcin da ke zuwa da wayoyin nan bai san da su ba, alhali tun 2016 Unicode, tsarin da ke tattara haruffan duniya don kwamfuta da waya, ya ware musu gurbi. Mutum ya kasa rubuta harshensa yadda ya koya a makarantar allo, wannan ba mu yarda da shi ba. Mun saka su, kuma an samu damar ƙara girman rubutu saboda masu raunin gani.

Duk waɗannan suna cikin shafin saiti guda ɗaya. Wanda ya ga harafin ajami da ya ɓace, ya rubuta shi a takarda, ya ɗauki hoto ya turo mana.

Wassalam,
Ma'aikatan manhajar, Jidda